Tambayoyinku Kan Fasaha: Na Ba Chrome Umarni a Yanayin Baƙo, Ya Yi Kunnen Uwar Shegu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gina shafukan intanet. Wani shafi da na haɗa yana aiki lafiya a burauzata, amma duk wanda ya buɗe shi a karon farko sai ya maƙale a wurin shiga. Na so in gwada shi a yanayin baƙo na Chrome (Guest mode, wanda ba ya amfani da bayanan mai burauzar) tare da kunna rubutun kurakurai, sai na rubuta chrome.exe --guest --enable-logging --v=1. Tagar baƙo ta buɗe, amma ban ga fayil ɗin da aka ce zai fito ba. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Umarninka daidai yake, ba ka yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Abin da nake kyautata zato shi ne, lokacin da ka bayar da shi akwai wani Chrome da ke buɗe a kwamfutar.

Waɗannan kalmomin da ke farawa da ɗan layi biyu, Chrome yana karanta mafi yawansu ne sau ɗaya tak, a daidai lokacin da yake tashi. Kuma ba ya yarda ya tashi sau biyu a kan folda ɗaya ta bayanai. Idan ka sake kiransa alhali yana aiki, sabon kiran zai miƙa saƙo ne kawai ga wanda ya riga shi, ya ce masa ana son sabuwar taga, sannan ya rufe kansa. Buɗe tagar baƙo abu ne da tsohon zai iya yi a kowane lokaci, shi ya sa --guest ya yi aiki. Kunna rubutun kurakurai kuwa sai a farkon tashi. Yanayin baƙo ba wata burauza ba ce ta daban, ɗaki ne a cikin gida guda.

Kada ka tsaya hasashe. A cikin tagar baƙon, rubuta chrome://version a wurin adireshi, ka nemi layin da aka rubuta Command Line. Duk abin da Chrome ya tashi da shi yana jere a wurin. Idan ba ka ga --enable-logging ba, to bai ji ka ba. Ni dai ba na fara binciken komai sai na leƙa wannan layin, domin na taɓa ɓata yini guda ina zargin shafina, ashe umarnin ne bai shiga ba tun asali.

Mafita iri biyu ce. Za ka iya rufe Chrome gaba ɗaya kafin ka bayar da umarnin, sai dai rufe tagogi kaɗai ba ya wadatarwa a kullum, don yakan ci gaba da aiki a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba ko da sauran chrome.exe a jerin manhajojin da ke aiki, ka kashe shi. Hanyar da na fi so kuma ita ce ka ba shi wata folda ta daban, sai ya tashi sabo fil ba tare da ka taɓa tagogin aikinka ba:

"C:\Program Files\Google\Chrome\Application\chrome.exe" --guest --user-data-dir="C:\gwaji" --enable-logging --v=1

A cikin foldar gwaji za ka tarar da chrome_debug.log. Ka kwafe shi da zarar matsalar ta bayyana, saboda duk sanda Chrome ya sake tashi yakan shafe na baya ya fara sabo. Idan za ka riƙa yin wannan a kai a kai, kwafi alamar Chrome da ke fuskar kwamfuta, ka danna ta da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka ƙara umarnin a ƙarshen layin Target. Ka bar tazara ɗaya bayan alamar rufe zance, a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Mai amfani da Mac zai rubuta open -na "Google Chrome" --args sannan ya jero sauran, mai Linux kuma ya fara da google-chrome.

Game da ainihin matsalar shafinka, ina ganin wancan fayil ɗin zai cika ka da surutun cikin burauza wanda bai shafe ka ba. Ƙara --auto-open-devtools-for-tabs domin kayan bincike su buɗe tare da kowane shafi, ka shiga sashen Network, ka sa alama a Preserve log, sannan ka gwada shiga. Shafin da ke aiki a wurin mai shi amma ya ƙi baƙo, galibi ya dogara ne da wani kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya tuna da mutum) ko tsohon fayil da burauzar mai shi ta ajiye tun tuni. Ka sa ido kan layin da ya yi ja, ka ga lambar kuskuren da ya nuna, ko 401 ne, ko 403, ko 404. Sannan ka sani, sabuwar folda ita kanta wankakkiya ce, don haka sau da yawa ba ka ma buƙatar --guest. Bambancin shi ne baƙo yana share kukis da tarihi idan aka rufe shi, folda kuwa tana riƙe su har ka goge ta da hannunka.

Tambaya: Malam, a da ina haɗa manhajar gwajina da Chrome ta hanyar --remote-debugging-port=9222, yanzu ta daina haɗuwa ko na rufe komai. Ni ɗaliba ce, aikin makaranta nake yi.

Amsa: 'Yar'uwa, ba laifinki ba ne. Tun daga Chrome 136, wanda ya fito a 2025, Google ya sa burauzar ta daina karɓar wannan umarnin matuƙar a kan foldar bayananki ta asali take. Dalili kuwa, ɓarayin intanet sun mayar da ƙofar da wannan umarnin ke buɗewa hanyar kwashe kukis ɗin mutane, su shiga asusunsu ba tare da kalmar sirri ba. Ki haɗa shi da --user-data-dir mai nuni ga sabuwar folda, sannan ki buɗe localhost:9222/json/version. Idan bayanai suka fito, ƙofar ta buɗu. Ina roƙonki kada ki shiga imel ko asusun banki a wannan tagar, domin duk manhajar da ke cikin kwamfutar tana iya leƙawa ta wannan ƙofar. Haka ma --disable-web-security da --no-sandbox, waɗanda ake yawan ba mutane shawarar sakawa: katangar tsaro suke rushewa, ba su dace da tagar da kike harkokinki a ciki ba.

Tambaya: Ni waya kawai gare ni da Chromebook na wurin aiki. Zan iya yin irin wannan?

Amsa: Chrome na Android ba shi da yanayin baƙo irin na kwamfuta, shafin sirri (Incognito) kawai yake da shi. Ana iya ba shi umarni ta fayil ɗin /data/local/tmp/chrome-command-line, bayan an kunna Enable command line on non-rooted devices a chrome://flags, amma sai da kwamfuta da manhajar adb, wadda ake ba wayar Android umarni da ita daga kwamfuta. Idan har ka samu aron kwamfutar, akwai hanya mafi sauƙi: danna Build number sau 7 a saitin wayar, ka kunna USB debugging, ka haɗa su da kebul, ka buɗe chrome://inspect a kwamfutar. Shafukan da ke buɗe a wayar za su bayyana, ka bincike su a babban allo.

Chromebook ɗin kuwa, ka ƙyale shi. Ana rubuta umarninsa ne a /etc/chrome_dev.conf, kuma ba a iya taɓa wannan fayil sai an mayar da na'urar yanayin masu gina manhaja (Developer mode), abin da ke share duk bayanan da ke kanta. Tunda na wurin aiki ne, mai yiwuwa ma an kulle wannan hanyar tare da yanayin baƙon. Buɗe chrome://policy ka ga dokokin da aka ɗora masa, sannan ka je wa mai kula da kwamfutocinku da bayanin abin da kake son gwadawa.