Tambaya da Amsa: Littattafan Nahawun Helenancin Littafi Mai Tsarki da Yadda Ake Samunsu a Waya

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a wata makarantar tauhidi a Jihar Filato. Mun kammala littafin koyon Helenanci na masu farawa, yanzu kuma malaminmu ya ce duk wanda zai rubuta sharhin nassi sai ya kafa hujja da manyan littattafan nahawu. Ɗakin karatunmu yana da kwafi ɗaya ɗaya, kuma ba a yarda a fita da su. Waɗanne ne suka cancanci in nema, kuma ana samunsu a waya ko kwamfuta ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?
Daga wani ɗalibi, Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Littafin da kuka gama, ko na William Mounce ne na 1993 ko na Jeremy Duff na 2005, an tsara shi ne don a bi shi darasi bayan darasi. Manyan littattafan nahawu kuwa ba a karanta su daga bango zuwa bango, ana komawa gare su ne idan jimla ta cije, a shiga ta fihirisar ayoyi da ke ƙarshensu, a ga abin da marubucin ya ce game da ayar da ke gabanka.

Wanda za ka fi yawan buɗewa shi ne na Daniel B. Wallace, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar tauhidi ta Dalas a Amurka, mai suna Greek Grammar Beyond the Basics, wanda kamfanin Zondervan ya wallafa a 1996. An rubuta shi ne domin ɗalibin da ke daidai matakin da kake, kuma kowace ƙa'ida tana zuwa da ayoyinta da fassararsu. Duba 2 Korintiyawa 5:14, inda Bulus ya ce ƙaunar Almasihu ce take mallakarmu. Sigar mallaka da ya yi amfani da ita a kalmomin "ƙaunar Almasihu" tana ɗaukar ma'ana biyu, wato ƙaunar da Almasihu yake yi mana ko kuwa wadda muke yi masa. Wallace ya jera hanyoyin biyu, ya kuma kawo wannan aya a matsayin wurin da mai yiwuwa ne marubucin ya nufi dukansu. Kana iya yarda da shi, kana iya ƙi, amma ka san inda gardamar take. Abin da nake jan kunnen ɗalibai a kai shi ne yawan rabe-rabensa, domin sigar mallaka kaɗai ya kasa ta fiye da gida talatin, kuma ɗalibi yakan ɗauka cewa da zarar ya laƙaba wa kalma suna ya gama fahimtar ayar, alhali abin da ke gaba da bayanta ne yake yanke hukunci. Littafin yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, saboda haka saye ake yi, a takarda ko a manhajojin nazarin Littafi Mai Tsarki na Logos da Accordance. Akwai taƙaitaccensa na 2000, The Basics of New Testament Syntax, wanda ya fi sauƙin kuɗi.

Na biyu shi ne wanda masana ke kira BDF, daga sunayen mutum uku. Friedrich Blass ya rubuta shi da Jamusanci a 1896, Albert Debrunner ya yi ta sabunta shi, sannan Robert Funk ya mayar da shi Turanci a 1961 a maɗaba'ar Jami'ar Chikago. Idan kana karanta manyan littattafan sharhi ka ga haruffan nan uku da lamba a gabansu, lambar sashe ce, ba ta shafi ba. Maganarsa a dunƙule take, kuma ya ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san Helenancin Atina na dā, don haka yakan yi wa sabon shiga nauyi. Shi ma na saye ne, kuma ana samunsa a Logos. A ganina wannan ne za ka bari a ɗakin karatu, ka riƙa rubuta lambobin sassan da kake bukata kafin ka shiga.

Yanzu ga waɗanda za ka samu kyauta, kuma ta halastacciyar hanya, saboda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Babbansu shi ne na A. T. Robertson na makarantar tauhidi ta Baftis da ke Luwisbil a jihar Kentaki, wanda ya fito a 1914, mai shafi kusan 1,400. Yana nan a Internet Archive, wata taskar littattafai ta intanet. Haka ma juzu'in farko na littafin nahawun James Hope Moulton na 1906, da ƙaramin littafin Ernest De Witt Burton a kan aikatau. Na Herbert Weir Smyth na 1920, wanda ya shafi Helenancin dā gaba ɗaya, yana cikin taskar Perseus ta Jami'ar Tufts, inda aka jera shi sashe sashe, ya kuma yi daɗin karantawa a waya.

Kada tsufansu ya sa ka raina su. Moulton da Robertson sun yi aikinsu ne a lokacin da ake tono tsofaffin takardu daga rairayin Masar, irin su wasiƙun iyali da rasiɗai da takardun haya, waɗanda Adolf Deissmann ya nuna da su cewa harshen Sabon Alkawari shi ne Helenancin da jama'a ke magana da shi yau da kullum a wancan zamani. Wannan ilimi yana nan daram a cikin littattafansu. Amma akwai wurare biyu da ya kamata ka lura. Robertson yana lissafa sigogin suna, irin su sigar mallaka, guda takwas, yayin da Wallace da yawancin littattafan yau suke lissafa biyar, saboda haka abin da ka sani a ƙarƙashin siga ɗaya za ka tarar ya rarraba shi a babi biyu ko uku. Na biyun ya fi muhimmanci, domin fahimtar aikatau ta sauya sosai bayan binciken Stanley Porter na 1989 da na Buist Fanning na 1990, waɗanda suka mai da hankali ga yadda marubuci yake kallon aiki, ko a dunƙule ko kuwa yana cikin gudana. Mai jin Hausa yana da sa'a a nan, tun da bambancin da ke tsakanin "ya rubuta" da "yana rubutu" yana bakinsa tun yana yaro. Duk abin da ka karanta game da aikatau a littafin da ya girmi waɗannan shekaru, ka auna shi da sabon littafi kafin ka hau da shi mumbari. Ga wanda yake da hali, na Heinrich von Siebenthal da ya fito da Turanci a 2019 ya haɗa tsohon ilimin da sabon.

Akwai kuma bambanci tsakanin littafin da aka ɗauki hoton shafukansa da wanda aka tsara don kwamfuta. A na hoto, idan ka nemi kalmar Helenanci sau da yawa ba za ta fito ba, domin na'urar da ta karanta shafin takan rikita haruffan da alamominsu, ga shi kuma fayil ɗin Robertson yana da nauyi, gara ka sauke shi sau ɗaya ka ajiye. A na manhaja kuwa, ka taɓa aya ta buɗe, ka nemi aya a nuna maka duk inda aka ambace ta, kuma abin da ake biya kenan. Sai dai ka sani cewa littafin manhaja yana ɗaure da kamfaninsa, kamar yadda masu amfani da BibleWorks suka gani da kamfanin ya rufe a 2018. Kwafin Wallace da BDF da ke yawo a WhatsApp kuwa ba da izinin masu su aka yi su ba, kuma ban ga yadda mai shirin koyar da Kalmar Allah zai gina karatunsa a kansu ba. Shawarata ita ce ka tara kuɗi ka sayi Wallace ko taƙaitaccensa, ka sauke Robertson da Burton, ka riƙa duba Smyth, sannan ka haɗa da manhajar STEP Bible, wadda aka fara a Tyndale House da ke Kambirij, domin tana ba da nassin Helenanci da bayanin ƙirar kowace kalma kyauta.

TAMBAYA: Malam, ina aikin fassarar Tsohon Alkawari zuwa harshenmu, kuma mukan duba tsohuwar fassararsa ta Helenanci. Waɗannan littattafai za su wadatar da ni?
Daga wata mai fassara, Kafanchan.

AMSA: 'Yar'uwa, za su taimaka, amma ba za su wadatar ba, domin Septuwajinta, wato wannan tsohuwar fassara ta Helenanci, fassara ce daga Ibrananci, kuma ginin jimlar Ibrananci yakan bayyana a cikinta. Ki nemi na F. C. Conybeare da St. George Stock na 1905, gajere ne kuma kyauta yake a intanet, sai na H. St. J. Thackeray na 1909, wanda ya tsaya a kan rubutu da ƙirar kalmomi, bai kai ga ginin jimla ba. Wannan giɓi ne Takamitsu Muraoka ya cike a 2016 da littafinsa A Syntax of Septuagint Greek, wanda yake da tsada, don haka ki roƙi ofishinku ya saya wa ƙungiyar kwafi ɗaya.