Rowa, Maƙo, Ƙwauro da Toshi: Amsar Wasiƙunku

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan saurayi mai riƙe hannu suka zo, don haka na tara su wuri guda.

Tambaya: Malam, mun fi shekara muna tare da wani, yana da aikin yi, amma ko katin waya bai taɓa sa mini ba. Na ce masa marowaci ne, ya ce shi mai tattali ne. Wa ya fi gaskiya a Hausa? (Wata budurwa daga Zariya)

Amsa: 'Yata, kalmomin nan biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba. Tattali abin da mutum yake yi wa abinsa ne, ya lallaɓa shi don ya yi auki. Rowa kuwa abin da yake yi wa mutane ne. Saboda haka mutum yana iya zama mai tattali kuma mai kyauta, kamar yadda ake samun almubazzari marowaci, wanda zai ƙarar da albashinsa a kan shadda da takalmi amma ƙaninsa ya roƙe shi kuɗin mota ya ce babu.

Abin da samari masu fakewa da kalmar nan suke mantawa shi ne, Bahaushe ba dukiya kaɗai yake tattali ba. Muna cewa tattalin miji, tattalin mata, tattalin maraya, tattalin zumunci. Wanda ya ce shi mai tattali ne, amma aljihunsa kawai yake tattalawa, rabin kalmar ya ɗauka ya bar rabi.

Sai dai ke ma kada ki yi gaggawar jefa masa "marowaci". Rowa ba ta tabbata sai abu uku sun haɗu: akwai abin, akwai wanda ya dace a ba shi, sannan aka hana. In ɗaya ya faɗi, ba rowa ba ce. Ina jin ciwon yadda 'yan matan yanzu suke kiran ɗalibi ko ɗan koyon sana'a marowaci don bai sayo waya ba. Wannan rashi ne, kuma rashi ba hali ba ne. Ciyarwa da tufatarwa a kan miji suka wajaba, ba a kan mai zuwa zance ba; shi saurayi da ma'aunin al'ada da kunya ake auna shi. In kina son ki san nasa, bar kallon abin da yake ba ki. Dubi yaron da yake aika ya kira ki, ko ya taɓa miƙa masa wani abu. Ki bincika yadda yake da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ki lura da fuskarsa idan wani ya yi kyauta a gabansa, domin marowacin gaske har kyautar wani tana yi masa zafi.

Tambaya: Mene ne bambancin rowa, mako, kwauro da tsumulmula? (Wani ɗalibi daga Katsina)

Amsa: Ɗana, kafin komai, na bar tambayarka yadda ka rubuto ta don masu karatu su gani. Mako kwana bakwai ne. Abin da kake nufi maƙo ne, da ƙa mai lanƙwasa, haka ma ƙwauro. Na sha ganin an rubuta "saurayina mako gare shi", sai mutum ya tsaya yana tunanin ko wa'adi aka ba shi. A da ana da uzurin keken rubutu, yanzu kuwa kusan kowace waya tana karɓar allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ba zai yarda ya rubuta sunan makarantarsa da kuskure a Turanci ba, shi ne zai haɗa baki da baƙi, kafa da ƙafa, ya ce ai za a gane. Ba kullum ake ganewa ba, kuma ko an gane, ba haka harshen yake ba. Ɗalibi ne kai, a wurinka ake sa ran gyara.

To, rowa ita ce uwa, ta fi sauran faɗi. Ba ta tsaya a kuɗi ba: akwai rowar ilimi, rowar gaisuwa, har a ce wance tana rowar ɗanta idan ba ta barin a ɗauke shi. Maƙo ya fi kusa da kuɗi da abin hannu, kuma kunne yana jin danginsa da maƙewa. Mai maƙo yakan bayar, amma sai an sha fama, kuma har kansa yake hanawa. Yana da halin cin nama, ya ci gaya. Ƙwauro daban ne: an bayar, amma an tauye. Saurayin da ya kawo kayan sallah ya sa atamfa ya hana kuɗin ɗinki, ko ya yi alkawarin goma ya kawo shida alhali yana da sauran, ƙwauro ya yi. Shi ya sa ake cewa wane ba ya ƙwauron baki, wato yana faɗin magana cikakkiya ba ragi. Tsumulmula kuwa fitar da abu kaɗan-kaɗan ne da yawan lissafi, ita ce ta zauna a kan iyaka tsakanin tattali da maƙo, shi ya sa wani lokaci zargi ce, wani lokaci tsokana. Akwai kuma ƙanƙamo, da matsolo ga mai halin, da bahili wadda muka aro daga Larabci, an fi jin ta a bakin malamai wajen wa'azi.

Harshen da ya ware wa hali ɗaya sunaye haka, ya daɗe yana lura da shi. Abin takaici ne a ce duk mun nannaɗe su cikin "rowa" kawai.

Tambaya: Me ake nufi da "hannun jarirai"? (Wata daga Kumasi)

Amsa: Marowaci. Jariri da hannu a dunƙule yake zuwa duniya.

Tambaya: Malam, budurwata ta ce ban taɓa yi mata toshi ba, alhali duk zuwa ina ba ta kuɗi. Ba shi ke nan ba? (Wani saurayi daga Maraɗi)

Amsa: A'a, ɗana, tana da hujja. Abin da kake miƙawa idan za ka tafi kuɗin zance ne, tsakaninka da ita. Toshi kaya ne ko kuɗi mai ɗan kauri da ake kaiwa a san an kai, galibi da sallah, kuma ta hannun wata babba a danginka, a nuna wa iyaye da 'yan uwa. Tushensa ɗaya da toshewa, kamar toshiyar baki, sai dai shi ba abin kunya ba ne: shaida ce cewa ba wasa ya kawo ka ba, kuma a san akwai mai nema. Bayansa ne sauran matakai suke biyowa, gaisuwar iyaye, sa rana, lefe, sadaki, kowane gari da yadda yake jera su da sunan da yake ba su.

Abin da ya ɓace mana shi ne, toshi yana da lokaci da iyaka da shaidu. Yau an mai da shi "turo mini" ta waya, ba dare ba rana, babu babban da ya sani. Saurayi ya kashe abin da ya fi toshi sau nawa, amma a idon gidansu bai yi komai ba, ita kuma yarinya ta saba da roƙo. Daga nan ake samun rigimar "marowaci ne" da "makwaɗaiciya ce". Ka tara abin da kake rarrabawa, ka ba gwaggonka ta kai.

Tambaya: Ƙawata ta ce mini "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta", don na ce wanda zan aura zai saki hannu bayan biki. Karin maganar ta dace a nan? (Wata daga Gombe)

Amsa: Ta dace, in dai kin tabbatar rowa ce ba rashi ba. Lokacin nema shi ne lokacin da namiji yake nuna mafi kyawun abin da yake da shi. Wanda ya kasa a lokacin, da wuya ya iya bayan an kai ki ɗaki. Hali zanen dutse. Kuma rowar miji ba irin ta saurayi ba ce, don ita cefane take taɓawa da kuɗin magani da na makarantar yara. Tsohuwar matsala ce: Hindu 'yar Utba ta kai kukan mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai wadace su gwargwadon abin da aka saba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Aya ta 29 a Suratul Isra'i kuma ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta hana shimfiɗa shi gaba ɗaya.

Amma in mai ƙaramin ƙarfi ne da yake tara kuɗin haya da na lefe, ga kuma sakin fuska da ɗan abin da ya samu, to ƙawarki ta ɗora karin magana inda ba wurinta ba. Wannan ma yana damuna: a ɗauko maganar magabata a rufe bakin mutum da ita ba tare da an duba ko ta hau ba.

Tambaya: Ana ce wa mace marowaciya, ko maza kaɗai ne? (Wani daga Jos)

Amsa: Ana cewa mana. Wadda za ka yi shekara kana zuwa ba ta taɓa fito maka da ko ruwan sha ba, ai sunanta ke nan.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "ko sisi bai ba ni ba", alhali ba mu san sisi ba? (Wata ɗaliba daga Kano)

Amsa: Kuɗin zamanin fam da sule ne, kafin Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973. Sule kwabo 12 ne, sisi rabinsa, taro rabin sisi, anini kuwa sai an tara 10 su yi kwabo ɗaya. Kuɗin sun tafi, sunayen suka zauna a bakin mutane, shi ya sa "ko anini" ya fi "ko sisi" zafi. A Nijar za ki ji "ko dala", don a can dala tana nan da ranta, ita ce tamma biyar ta sefa.

Tambaya: Malam, "wanke gara" Hausa ce ta ƙwarai? Ƙawayena sun ce tunda wanda nake so marowaci ne, in riƙe wani mai kuɗi a gefe. (Ba suna)

Amsa: Sara ce ta matasan birni, ba ta da alaƙa da garar da iyayen amarya suke kaiwa gidan ango. Gara a nan shi ne wanda ake yaudara a ci kuɗinsa. Hausa ce tunda Hausawa ke faɗinta, amma aikin da take nufi yaudara ne, canza masa suna bai wanke shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma ba sau ɗaya ba irin wannan ya ƙare a gaban alƙali ana lissafin atamfa da waya da kuɗin da aka tura, iyaye suna tsaye. 'Yata, in rowarsa ta fi ƙarfinki, ki gaya masa, ki gaya wa mahaifiyarki, ki sallame shi tun ba a karɓi kuɗin gaisuwa ba.