Yaron da ba ya shiga cikin yara: amsoshin likita

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 4 tana ɓuya a bayana duk sanda baƙi suka zo. (Wata uwa, Zariya)

Amsa: In tana wasa da yaran gida, tana kuma hira da ke, ƙiwa ce kawai, za ta wuce.

Tambaya: Ɗana ba ya kallon idona in ina masa magana. (Wani uba, Katsina)

Amsa: Malam, sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce a wurinmu. Ka lura da shi cikin sa'anninsa. In can ma haka yake, ka kai shi asibiti.

Tambaya: Ɗana shekararsa 3, ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, sai dai ya wuni yana jera murafen kwalba shi kaɗai. Kakarsa ta ce ɗan ruwa ne. Ana masa hayaki, yanzu kuma an ce wanzami ya cire masa beli. (Wata uwa, Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah a dakatar da hayakin nan yau. Huhun yaro yake ƙonawa. Beli kuwa ba ruwansa da magana, cire shi na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Har yaushe za mu riƙa sa wa yara aska kan abin da ba mu gane ba?

Yaro yakan yi wa uwarsa murmushi tun yana wata 2, ya amsa sunansa wajen wata 9, kafin wata 18 ya nuna abu da yatsa don ke ma ki gani. In babu waɗannan, abu na farko shi ne gwajin ji, domin yaron da kunnensa ba ya ji sosai haka yake zama. In ji lafiya lau, sai a duba lalurar otizim, wadda ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Ta fi yawa ga maza. Ba aikin aljanu ba ce, ba kuma laifinki ba ne. Babu maganin da ke warkar da ita, amma horon magana da na mu'amala, in an fara da wuri, yana taimakawa ƙwarai.

Ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ki tafi da kakar ta ji da kunnenta. Addu'a a ci gaba da yi, amma kada a jira wai zai yi magana in ya girma. Ki kai shi cikin makon nan.

Tambaya: An ce allurar rigakafi ke kawo otizim? (Wani uba, Sakkwato)

Amsa: A'a. Binciken 1998 da ya fara yaɗa zancen an janye shi a 2010. A kai yara rigakafi.