Ku Tambaya, Mu Amsa: Koyon Gina Manhajojin DeFi a Sansanin Horo da Gasar Hakaton

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga DeFi, wato manhajojin musayar kuɗi, ajiya da bashi da ke aiki a kan bulokcen (littafin lissafi na intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙe tare) ba tare da banki a tsakiya ba. Ga biyar daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina harkar kirifto a waya, na yi su Pi da wasannin dannawa na Telegram, amma ban taɓa rubuta manhaja ba. Na ga tallan wani sansanin horo na sati takwas, wai mutum zai fito ya iya gina DeFi. In biya in shiga? (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Sati takwas na iya isar wanda ya riga ya iya rubuta manhaja, zai ƙara Solidity, yaren rubuta manhajojin bulokcen ɗin Ethereum, ne kawai a kan abin da ya sani. Wanda bai taɓa ba, sati na uku za a wuce a bar shi. Ka fara da JavaScript, ka iya Git da GitHub, kayan ajiye manhaja da tarihin gyare-gyarenta, ka saba da ba kwamfuta umarni a rubuce, kuma Turancinka ya kai ka karanta saƙon kuskure ka gane. A ganinmu wannan aikin wata uku zuwa huɗu ne ga mai zama kullum.

Waya ba za ta yi ba. Kwamfuta mai RAM 8GB ta wadatar. Kayan rubuta Solidity da gwada shi su ne irin su Remix da Foundry. Remix a burauza yake aiki. Foundry kuwa, in Windows gare ka, ka girka WSL, wato Linux a cikin Windows, ya zauna a ciki, kuma yana zuwa da Anvil, ƙaramin bulokcen da ke tashi a kwamfutarka, don haka yawancin atisaye ba ya cin data. Kafin ka biya kowa, gwada darussan kyauta na Cyfrin Updraft ko Speedrun Ethereum na sati biyu. Akwai kuma Web3Bridge a Legas, da ke horar da matasa tun 2019.

In za ka biya, nemi a nuna maka GitHub na ɗaliban baya da adireshin kwantiragin (manhajar da ke zaune a kan bulokcen) da suka ɗora a Sepolia, shingen gwaji na Ethereum, ka duba da idonka a shafin Etherscan. Tambayi wa ke karanta aikin ɗalibi layi-layi, kuma sati nawa aka ware wa gwaji da tsaro. In tsarin karatun ya tsaya a "ƙirƙiri tokin ɗinka", aikin yini guda ake sayar maka, domin kamfanin OpenZeppelin ya riga ya rubuta kwantiragin ERC-20, ƙa'idar tokin a Ethereum. In kuma aka ce sai ka sayi wani tokin ko ka kawo mutum biyu kafin a ba ka kujera, ka tuna damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025.

Tambaya: An ba mu aikin rubuta kwantiragin ajiya: mutum ya zuba ETH, kuɗin Ethereum, ya cire lokacin da ya so. Wajen cirewa na fara duba ko yana da kuɗi, na tura masa, sannan na mayar da lissafinsa sifili. Duk gwaje-gwajena sun wuce, amma malaminmu ya ce za a kwashe asusun tas. Ina laifin yake? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, malaminki ya yi gaskiya, kuma laifin a jerin matakan yake. Idan kwantiragi ya tura ETH zuwa wani kwantiragin, wanda aka tura wa yana samun damar gudanar da nasa umarnin kafin aikinki ya ƙare. Ɓarawo zai zuba ETH 1 daga kwantiraginsa, ya nemi cirewa. Kuɗin na isa gare shi sai ya sake kiran cirewa. Littafinki har yanzu yana nuna yana da ETH 1, domin layin sifili bai zo ba, sai ki sake biyansa, haka har asusun ya ƙare. Da wannan salon aka janye kusan ETH miliyan 3.6 daga asusun zuba jari na The DAO a watan Yunin 2016, rikicin da ya raba Ethereum da Ethereum Classic.

Gyaran shi ne ki duba, ki gyara littafi, sannan ki tura. Ki ƙara ReentrancyGuard na OpenZeppelin, mai hana sake kiran aiki kafin ya ƙare, a matsayin ƙofa ta biyu. Gwaje-gwajenki sun wuce ne saboda duk mutanen kirki kika gwada. Ki rubuta kwantiragin ɓarawon da hannunki, ki ga gwajin ya faɗi a tsohon tsarin, ya wuce a sabon. Sansanin da ba ya sa ɗalibi ya yi wa kansa sata, rabin karatu ya bayar.

Tunda kin iso nan, ga ramukan da ke gabanki. Solidity ba ya aiki da ɓarin lamba, komai cikakkiyar lamba ce. ETH 1 shi ne 1 da sifili 18 a bayansa, haka tokin DAI, amma USDC da USDT, tokin masu bin farashin dala, a Ethereum sifili 6 gare su. Wanda ya ɗauka duk ɗaya ne, lissafinsa zai kauce da ninki tiriliyan. Rabawa kuma tana zubar da saura. Ki ɗauki lada na kashi 0.3 cikin ɗari a kan 999: in kika raba da 1,000 kafin ki ninka da 3, amsa sifili ce, in kika fara ninkawa kuwa amsa 2. Kullum a fara ninkawa, kuma in za a zubar da saura, ya faɗa wa asusu, kada ya faɗa wa mai cirewa. USDT ma yana da nasa halin: aikin turawarsa ba ya dawo da amsar "eh" ko "a'a" kamar yadda ƙa'idar ERC-20 ta tsara, shi ya sa ake bi ta SafeERC20 na OpenZeppelin, wanda ke magance hakan.

Rami mafi zurfi shi ne farashi. Manhajar musayar tokin ta Uniswap, wadda Hayden Adams ya ƙaddamar a Nuwambar 2018, ta kafu ne a kan ƙa'ida ɗaya: in aka ninka yawan tokin biyun da ke rumbu, amsar ba ta sauyawa. A ce rumbu na da ETH 10 da USDC 30,000, ninkinsu 300,000, farashin ETH 3,000. Mu ajiye lada gefe. Wanda ya zuba USDC 3,000 zai karɓi ETH 0.909, ba cikakken 1 ba. Wanda ya zuba 30,000 kuwa zai bar rumbun da USDC 60,000 da ETH 5, farashi ya koma 12,000, ninki huɗu. Kada ki ce wa ke da wannan kuɗin. Manhajar bashi ta Aave na ba da bashin ƙiftawar ido, wanda ake karɓa babu jingina muddin za a mayar a cikin ciniki ɗaya. In manhajarki ta bashi daga wannan rumbun take karanta farashi, mutum zai kumbura shi, ya jinginar da ETH a kan 12,000, ya kwashi bashi, ya sayar ya mayar da farashin inda yake, ya biya Aave, ya bar miki jinginar da ba ta kai ba. An ga irin wannan a manhajar bashi ta bZx a Fabrairun 2020. Ki ɗauki farashi daga Chainlink, mai kawo farashin kasuwannin waje cikin bulokcen, ki duba lokacin da aka sabunta shi, ki tuna na ETH da dala sifili 8 gare shi.

Na atisayen gano ramukan tsaro: Ethernaut, sannan Damn Vulnerable DeFi. Ki wuce da kowane aiki ta Slither, manhajar binciken kura-kuran tsaro. Ki kuma koyi gwajin Foundry mai jefa lambobi barkatai, ki ba shi sharaɗi guda, cewa jimlar abin da ake bin asusu kada ta taɓa wuce abin da ke cikinsa, ki bar shi ya nemi hanyar karyawa.

Tambaya: Mu huɗu ne za mu shiga gasar hakaton, wato gasar gina manhaja cikin ɗan gajeren lokaci, karon farko. Muna so mu gina adashe a kan bulokcen, da manhajar waya, da tokin namu, da hanyar cire naira. Yaya za mu raba lokaci? (Wasu ɗalibai daga Kano)

Amsa: Samari, ku fara da yanke uku cikin huɗun. Gasannin ETHGlobal na ido-da-ido kimanin awa 36 ne, kuma 'yan mintuna kaɗan za ku samu gaban alƙalai. Tokin ba ku buƙatarsa, cire naira aikin kamfani mai lasisi ne, shafin intanet da ke buɗewa a waya ya isa. Adashen shi ne aikin, kuma zaɓi ne mai kyau, domin kun san matsalarsa fiye da yawancin alƙalan.

Matsalar kuwa ita ce wanda ya kwasa ya gudu. Mutum 10, kowa na zuba USDC 50 a wata, kwasa 500. Na farko ya zuba 50 ya ɗauki 500, saura 450 a kansa. Uwar adashe ta san gidan kowa, kwantiragi kuwa adireshin walat kawai ya sani, kuma ko an ba shi izinin ja, ba zai ja daga walat ɗin da aka kwashe ba. In kuka ce a ajiye jinginar 450, amfanin adashen ya tafi. Abin da ya rage shi ne tsaka-tsaki: ƙaramar jingina mai raguwa yayin da mutum ke zubi, ko mai tsaya wa mutum da nasa kuɗin, ko a tura sabbin shiga ƙarshen layi har su kammala zagaye ɗaya. Ku zaɓi guda, ku faɗa wa alƙalai ƙarara asarar da ba ta rufe ba. Za su tambaya ko ba ku faɗa ba.

Abu uku na fasaha da ke kayar da irin wannan aikin. Kwantiragi ba ya farkawa da kansa ranar ɗaya ga wata, sai wani ya kira shi, don haka ku bar kowane ɗan adashe ya iya rufe zagaye in lokaci ya cika. Kada ku yi ƙuri'ar layi da lokacin bulo, wato agogon bulokcen, ana iya taɓa shi, ku yi da Chainlink VRF, mai fitar da lambar ƙuri'a, ko ku bar mutane su amince da layi tun farko. Kuma kada ku bi mutane ɗaya bayan ɗaya kuna tura musu kuɗi a aiki guda. Kamfanin Circle, mai fitar da USDC, na iya toshe adireshi, in turawa ɗaya ta faɗi duk aikin ya tsaya. Ku rubuta wa kowa haƙƙinsa, ya zo ya cira da kansa.

Rabon aiki: biyu a kwantiragi da gwaji, ɗaya a shafi, ɗaya a haɗawa da bayani. Kafin ranar ku girka komai, ku gwada Scaffold-ETH, kayan haɗa shafi da kwantiragi, ku tara ETH na gwaji, domin wuraren rabawa kyauta suna da iyaka kuma wasu na neman a ga ɗan ETH na gaske a walat. Amma ainihin aikin kada ku rubuta shi a gida, yawancin gasanni na duba tarihin GitHub. Awa uku na farko ku tsayar da sunayen ayyukan kwantiragin, don mai shafi kada ya zauna jira. Kafin rabin lokaci ku ɗora a Sepolia ko Base Sepolia, ko da da gurguntaka. A gwajin ku mayar da "wata" minti ɗaya, in ba haka ba alƙali ba zai ga kwasa ba. Awa shida na ƙarshe babu sabon abu, sai gyara da ɗaukar bidiyo, don ranar da intanet ya ƙi. Ku karanta sharuɗɗan kamfanonin da suka sa kyaututtuka tun daren farko, yawancin kuɗin gasa a wajensu yake, amma ku ɗauki ɗaya ko biyu da suka dace da aikin.

Ko kun ci, kada ku karɓi kuɗin jama'a da abin da aka rubuta cikin kwana biyu babu barci. Ban da haɗarin sata, dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hada-hadar zuba jari.

Tambaya: Malam, na ji rabin DeFi bashi ne da ruwa. Zan iya koyo ba tare da na taɓa riba ba? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, akwai gaskiya a abin da ka ji. Aave da Compound ruwa suke ɗorawa, yana hawa yana sauka gwargwadon yadda aka ari kuɗin rumbu. Hukunci na malaman fiƙihu ne, kuma maganarsu ta bambanta har a kan kirifto kansa, sai ka kai musu bayanin yadda kwantiragin ke aiki dalla-dalla. Ta fuskar sana'a kuwa, akwai fili: riƙon amanar ciniki har kaya su isa, biyan albashi da aikawa da kuɗi, asusun ƙungiya mai buƙatar sa hannun mutum uku cikin biyar, rabon ribar tarayya, da binciken tsaro. Sai dai kowane sansani zai koyar da lissafin jingina da gwanjonta, kuma a ETH na gwaji ake yi, wanda ba kuɗi ba ne.

Tambaya: Bayan gasa wani ya tuntuɓe ni a LinkedIn da tayin aiki na dala. Ya turo rumbun manhaja ya ce in sauke, in kunna a kwamfutata, in gyara kuskure ɗaya a matsayin jarrabawa. In yi? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki kunna shi a kwamfutar da walat ɗinki yake. Wannan sananniyar hanya ce, kamfanonin tsaro sun sha danganta irinta da gungun masu kutse na Koriya ta Arewa. Umarnin npm na girka kayan manhajar kaɗai ya isa ya kunna ɓoyayyen abu da zai kwashi kalmomin sirri na burauza da bayanan walat ɗin MetaMask. Ki nemi kamfanin ta shafinsa na ainihi ki tabbatar akwai gurbin. In dole sai kin duba, ki fara karanta fayil ɗin package.json a burauza, sannan ki kunna a kwamfutar wucin-gadi da babu komai naki a ciki, ki goge ta bayan kin gama.

Sannan ki raba walat biyu tun yau: na gwaji daban da nasa kalmomin sirri 12, na kuɗi daban. Sabbin masu koyo kan sa mabuɗin sirri a fayil ɗin .env su manta su tura shi GitHub, alhali akwai manhajoji da aikinsu kawai sintiri a can suna neman irinsa. Goge fayil ɗin ba ya magani, yana nan a tarihin Git. In hakan ta faru, ki buɗe sabon walat nan take, ki kwashe abin da ya rage, ki mayar da ikon duk kwantiragin da tsohon ya ɗora zuwa sabon adireshi. Don gaba, Foundry na da umarnin cast wallet import, wanda ke ajiye mabuɗin a kulle da kalmar sirri maimakon a fili.