Gidan abincin Faransa da Biyetnam: me za mu ci da yara?

Hajiya, kin ce surukinku zai kai ku wani gidan abinci na alfarma a Paris, inda ake haɗa girkin Faransa da na Biyetnam, kina fargabar abin da ke da yara za ku ci.

Ki kwantar da hankalinki, amma ki buɗe ido. Faransa ta mulki Biyetnam har zuwa 1954, shi ya sa dogon burodi, man shanu da kofi mai madarar gwangwani suka shiga girkin mutanen Biyetnam.

Ni dai da muka je da iyalina, pho ce ta burge mu: romon ƙashin shanu da aka daɗe ana dafawa da citta, albasa da kirfa, a zuba taliyar shinkafa da yankan nama siri-siri. Za a kawo ganyen ƙamshi da lemun tsami a gefe, kowa ya matsa da hannunsa. Autata har kwanon ta ɗaga ta shanye romon.

Inda za ki yi hattara: nem, wato soyayyen naɗin nan, galibi da naman alade ake cika shi, haka ma pâté, wato niƙaƙƙen naman da ake shafa wa burodi. Miyar Faransawa kuma sau da yawa akwai giya a ciki. Ki tambayi mai kawo abinci ƙarara tun kafin ku zaɓa, har da batun yankan naman. In babu tabbas, ku tsaya kan kifi da jatan lande.

Abincin kaɗan-kaɗan ake kawo shi, zaman kan kai awa biyu, don haka yara su ɗan taɓa wani abu kafin ku fita.