Fagen Gem: Jarumin ne Rago, ko Hannuna ne?

Tambaya: Malam, ni da yayana kullum cikin musu muke a kan Street Fighter 6. Ya samo wani jadawali a intanet da aka jera jaruman gem ɗin daga S har zuwa D, kuma wanda nake ɗauka an jefa shi can ƙasa. Ya ce ɓata lokacina kawai nake yi. Gaskiya kuma yana yawan cinye ni. Jarumin ne ba shi da ƙarfi, ko hannuna ne? Kuma wa ke rubuta irin wannan jadawalin?

Amsa: Ƙanena, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. Ba kamfanin Capcom, mai gem ɗin, ke rubuta shi ba. 'Yan wasa ne ke zama su jera, suna kiransa tiya lis, kuma idan ka tara gwanaye biyar za ka tashi da jadawali biyar. Galibi bakinsu kan zo ɗaya a kan na can sama da na can ƙasa. A tsakiya ake kai ruwa rana.

Amma kada ka ɗauka shaci-faɗi ne. Akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Irin waɗannan gem ɗin suna tafiya ne a kan firem 60 a kowace daƙiƙa, wato hoton allo yana sauyawa sau 60, kuma kowane naushi yana da adadin firem ɗin da yake ci kafin ya sauka, da wanda yake ci kafin mai shi ya dawo daidai. A Street Fighter 6, naushi mafi sauri firem 4 yake ɗauka. To idan ka kai wani duka, abokin karawarka ya tare, kuma dukan nan ya bar ka a baya da firem 4 ko fiye alhali kana kusa da shi, to ramuwa ta tabbata, ko yatsunka sun fi walƙiya sauri. A Tekken ma haka abin yake, sai dai can naushin farko firem 10 ne, kuma wanda aka tare masa dukan da ya bar shi a baya da 15, sama za a cilla shi a yi ta jibga kafin ya taɓa ƙasa. Jarumin da yake da duka masu nisa, masu sauri, waɗanda ko an tare ba ya biyan komai, shi ake kai wa sama. Sai a haɗa da yawan jini: yawancin jaruman Street Fighter 6 suna da 10,000, Zangief yana da 11,000, Akuma kuwa 9,000 kacal, don an cika masa hannu da makamai sai aka rage masa ta nan.

Abin da ya fi jadawalin nan amfani a wurina shi ne lissafin gaba da gaba. Masana kan ce karawar wane da wane 5-5 ce, ko 6-4, ko 7-3. Ma'ana, idan gwanaye biyu da hannunsu ya zo ɗaya suka kara sau goma, sau nawa kowanne zai ci. Jadawalin S zuwa D ɗin nan tattara waɗannan alƙaluma ne wuri guda, kuma wajen tattarawar ake zubar da bayani mai yawa. Jarumi zai iya zama a ƙasa gaba ɗaya, amma ya zama shi ne ƙashin wuyan wani da ke sama.

Ni Zangief nake ɗauka tun zamanin Street Fighter II, wanda ya fito a 1991, kuma ban taɓa tuba ba. Ina da wani aboki da ba ya ɗaukar kowa sai Dhalsim, mai miƙa hannu daga wancan bangon allo zuwa wannan. Na fi wata shida ina shan kashi a hannunsa. In taka gaba, ƙafa ta tare ni. In yi tsalle, ya kaɗo ni kamar ƙuda. Sai turmi ya ƙare ban ko taɓa rigarsa ba, shi kuwa yana kishingiɗe yana hamma don ya ƙular da ni. Ranar da abin ya juya ba wani sabon kombo, wato jerin duka a haɗe, na koya ba. Daina tsalle na yi. In yi taku biyu in tare, in ƙara taku ɗaya in tare, ina kallon jinina yana raguwa kaɗan-kaɗan ba tare da na firgita ba, har bayansa ya taɓa kusurwa. A nan na lura duk sanda ya ji matsi, maɓalli ɗaya yake dannawa. Na jira shi ya danna, na cafke shi, Zangief ya juya da shi sama ya dasa kansa a ƙasa. Ya miƙe zaune, hammar ta tsaya. Karawar nan har gobe ta Dhalsim ce a takarda, ban musa ba. Amma takardar tana maganar Dhalsim ɗin da ba ya kuskure ne, ni kuwa da abokina nake wasa.

Nan ne yayanka ya yi tuntuɓe. Jadawalin yana ɗauka cewa mutanen biyu sun san komai, kuma hannunsu ba ya rawa. Ku biyun nan, ka yi haƙuri, ba ku kai nan ba, ni ma ban kai ba. A matakinmu, wanda ya iya kaɗo mai tsalle, ya kuma san lokacin da zai daina danne-danne ya tare, shi ke ci, ko wa ya ɗauka.

Ko a can sama ma ana samun masu karya lissafi. A Disamban 2018, a birnin Amsterdam, Rangchu ɗan Koriya ta Kudu ya lashe gasar duniya ta Tekken 7 da Panda, wadda kusan kowa ya ajiye a sahun ƙarshe, kuma Qudans mai riƙe da kambun ya doke a wasan ƙarshe. Luffy ɗan Faransa ya ci Street Fighter a Evo ta 2014, babbar gasar gem ɗin faɗa, da Rose, yana riƙe da tsohon hannun PlayStation na farko. Sai dai kada ka ruga wa yayanka da waɗannan sunaye kana murna. Ana tuna Rangchu ne saboda abin da ya yi ba a saba gani ba, kuma rabin makaminsa shi ne mutane ba su ɓata lokaci sun koyi yaƙar Panda ba. Wanda ya ɗauki na ƙasa aikinsa ninki biyu ne, wannan gaskiya ce.

Ga gwajin da zai raba gardamarku. Ku yi musaya: ka ɗauki nasa, ya ɗauki naka, ku yi mako guda a haka. Idan ya ci gaba da cinye ka, ka san inda gizo ke saƙar. Sannan gem ɗin yana ajiye wasannin da kuka buga ta intanet. Ka kalli guda uku da aka cinye ka, ka ƙirga sau nawa ka yi tsalle aka kaɗo ka. Ni da na ƙirga nawa, kunya ta hana ni faɗa wa kowa adadin.

Tambaya: Ni Tekken nake bugawa. An sabunta gem ɗin, sai na ji jarumata ta yi sanyi, dukan da nake dogara da shi yanzu ana rama mini. Idona ne, ko da gaske an taɓa ta?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya idonki ne. Kamfanonin nan suna sa hannu a alƙaluman jarumai lokaci zuwa lokaci, kuma firem biyu kawai aka ƙara wa duka sun isa su mayar da shi abin ramuwa. Suna fitar da bayanin abin da suka canja a duk sabuntawa, ki nemi sunan jarumarki a ciki.

Wani lokacin dole ce ke sa su. Leroy Smith ya shigo Tekken 7 a Disamban 2019. Wata guda bayan haka, a Evo Japan ta 2020, shida daga cikin takwas ɗin ƙarshe shi suka ɗauka, kuma Book ɗan Tailan da ya ɗauki kofin da shi ya ci. 'Yan kallo suka yi ta gunaguni, Bandai Namco, kamfanin Tekken, ta rage masa ƙarfi. Shi ya sa duk jadawalin da kika gani, ki fara duba ranar da aka yi shi. Na bara ba lallai ya yi aiki bana ba.

Abin mamaki, ko gem ɗin da ba a taɓawa jadawalinsa yana motsi. Super Smash Bros. Melee tun 2001 yake, an daɗe da daina gyara shi, kuma shekara da shekaru ba a ɗauki Yoshi a bakin komai ba. Sai ga aMSa ɗan Japan ya ci babbar gasar The Big House da shi a 2022. Yoshi bai canja ba, mutum ɗaya ne ya zauna ya tono abin da ke cikinsa.

Tambaya: A cikin abokanmu akwai mai ɗaukar jarumi ɗaya yana cinye kowa. Muna so mu haramta jarumin. Ya halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, an taɓa haramtawa, amma ba don an ji haushin wani ba. Akuma na Super Street Fighter II Turbo, na 1994, an hana ɗaukarsa a gasanni saboda wutar da yake jefowa daga sama, wadda yawancin jaruman gem ɗin ba su da amsarta. Meta Knight na Super Smash Bros. Brawl ma an hana shi a gasanni da dama, kuma har a kan wannan sai da aka yi ta jayayya. Naku bai yi kama da wannan ba. Ku shiga ɗakin atisaye na gem ɗin, ku sa kwamfuta ta riƙa maimaita dukan nan da yake kashe ku da shi, ku gwada maɓallanku ɗaya bayan ɗaya har ku sami wanda ke rama shi. Minti ashirin ya isa. Kada dai ku gaya masa kun yi, ku bari ya gani a turmin farko.