Amsoshin Tambayoyinku: Ba Kowane Jini Ba Ne Basir

Tambaya: Shekaruna 47, lafiyata lau. Wane gwajin kansar babban hanji ya kamata in biya wa kuɗi? (Wani malamin makaranta, Zariya)

Amsa: Malam, lokacinka ya yi. Tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin a Amurka daga 50 zuwa 45. Mai sauƙin kuɗi shi ne FIT, wanda ke neman ɓoyayyen jini a bayan gida, ana maimaita shi duk shekara. Mai tsadar kuwa duban hanji ne da siririn bututu mai kyamara, idan ya fito lafiya sai bayan shekara 10. In FIT ya nuna jini, to na kyamarar ya zama dole.

Tambaya: Wata shida ke nan maigidana yana ganin jini, ya rame, ga maganin basir kala-kala mun saya. Ina cikin damuwa. (Wata uwa, Kano)

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, sau da yawa basir ɗin ne. Amma jini tare da rama ba abin jira ba ne, ku tafi Asibitin Malam Aminu Kano cikin makon nan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne motar nan mai lasifika a bakin tasha, da jarkokinta marasa lambar NAFDAC, mai maganin yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya na kashe basir mai tsiro da mai jini har da sanyi. Bai duba kowa ba! Magidanci zai yi shekara yana zuba kuɗi ɗari biyar-ɗari biyar, kunya ta hana shi zuwa likita. Alhali kansar nan yawanci daga ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, ya kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe, kuma likita na iya cire shi nan take lokacin duban. Ku tara kuɗin jarkokin nan ku kai asibiti.

Tambaya: Na'urar da ake riƙewa a hannu a kasuwa, kwamfuta ta karanto cututtuka, za ta wadatar?

Amsa: Haba ɗan'uwa! Ƙarfen da ka damƙa a tafin hannu zai leƙa hanjinka? Riƙe kuɗinka.

Tambaya: Kansar hanji ce ta yi ajalin mahaifinmu yana da shekara 48. Yaushe zan fara? (Wata 'yar kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Allah ya jiƙansa. Ki fara shekara 10 kafin shekarun da aka gano tasa, ko a 40, duk wanda ya riga zuwa. Na kyamara za ki yi, kuma ki faɗa wa 'yan'uwanki duka.